Malam Wakili, Sanatan Rum na Gashuwa

Duk wanda ya ce muku Malam Wakili dillalin tattasai ya mutu ya dawo, ku ce masa Munzali tela ya ce ƙarya yake yi. Shekara goma sha tara shagona yana manne da zaurensa a nan Gashuwa, kuma ni na auna yadin da ya jawo maganar. Don haka ku bari in faɗa muku yadda aka yi.

Malam Wakili mutumin kirki ne, ba ya cin haƙƙin kowa, sai dai Allah ya ɗora masa baki. In ya kama tarwaɗa a kogi, kafin ya iso unguwa ta zama kada. Abu ɗaya ne bakin nan ba ya taɓawa, wato mahaifinsa. Marigayi Dunoma mai fito ne, ya ƙare rayuwarsa yana haye da mutane kogi a kwale-kwale. Bai bar komai ba sai doguwar sandar tuƙinsa mai zoben tagulla a ka, tana rataye a zaure. In baƙo ya tambaya, sai Wakili ya ce ta kakkaɓo tsamiya ce.

'Yarsa Karima tana shekarar ƙarshe a jami'a, tana karatun tarihi. Wani malamin makaranta ɗan Nguru, Fatihu, ya fito neman aurenta, ita ma ta mutu a kansa. Sai saƙo ya zo cewa ran Asabar Baba Kyari, dattijon gidan su Fatihu, zai zo da kansa ya ga gidan da za su ɗauko mata. Baba Kyari kuwa an san shi da binciken asali, an ce gida biyu ya taɓa komawa da goronsa. Tun ranar Wakili ya daina cin abinci sosai. Ya san in tsohon nan ya juya, zuciyar Karima ce za ta karye.

Ana cikin haka, wata la'asar Karima ta zauna a bakin zaure tana bitar aikin da za ta miƙa a makaranta, a kan rayuwar wani sanatan tsohuwar daular Rum mai suna Markus, ɗan babban gida. Ni ina kan keke ina ɗinki, uban yana kan tabarma yana tagumi.

"Kowace safiya," in ji Karima, "talakawansa sukan cika ƙofar gidansa su gaishe shi. Yana yafa farin mayafi mai jan baki. A zaurensa akwai fuskokin kakanninsa na kakin zuma, don duk wanda ya shigo ya san gidan da ya shigo. A kishingiɗe yake cin abinci, in zai fita kuma mutane ne ke ɗaukarsa a kan gado."

Wakili ya saki tagumin. "Maimaita wajen kakannin nan."

Ta maimaita.

"Munzali, ka ji? Ashe su Rumawa ba sa tsayawa bayanin asali da baki, nunawa suke yi. To wallahi ran Asabar mutanen Nguru za su ga asali da idonsu."

"Baba, akwai sauran bayani a gaba, ka bari in..."

"Na ji abin da nake so. Ke dai ki yi lalle."

Washegari da sassafe ya shigo shagona ya ce in auna masa yadi goma sha biyu fari. Na ce shadda? Ya ce Rumawa ba su san shadda ba, alawayyo yake so.

Na ajiye almakashi. "Malam Wakili, alawayyo yadi goma sha biyu, babu wuya babu hannu? Ni dai a sanina mutum ɗaya ake yanka wa wannan, kuma ba shi ke zuwa saye da ƙafarsa ba."

"Jahilci ke nan. Ka taɓa zuwa Rum?"

"Kai ka taɓa wuce Damaturu?"

"Yanka mini yadi, tela."

Na yanka. Saura jan baki. Ya je ya jiƙa zoɓo rabin kwano, ya tsoma gefen yadin, ya shanya a igiyar matarsa Ya Meram. Da ya bushe sai muka shiga naɗi. Mun naɗa ta dama, ta zame. Mun naɗa ta hagu, ya taka gefen ya kifa kan buhun tattasai. A karo na uku ta zauna, amma hannunsa na hagu ya maƙale a ciki, ba ya ko iya korar ƙuda. Ya ce haka ake so, sanata ba ya aikin hannu.

Yana fitowa ƙofar gida wata tsohuwa mai tallan daddawa ta tsaya. "Malam Wakili, ashe kujerar Makka ta samu? In ka je ka sa mu a addu'a."

"Ba harami ba ne, Iya, kayan sarautar Rum ne."

"To, Allah ya ba da lafiya," ta ce, ta yi gaba tana waiwaye.

Maganar masu gaisuwar safe ba ta yi wuya ba. Ya sa aka sanar cewa duk wanda ya zo ya ce "Barka da asuba, Sanata" zai sha koko da ƙosai. Ranar farko mutum huɗu suka zo. Rana ta uku sai da layi ya kai shagona ya wuce, har da waɗanda suka hawo babur daga Katuzu. Wani dattijo ya durƙusa ya ce a taimaka musu da rijiyar burtsatse. Wakili ya ɗaga hannun da ya rage masa ya ce za a duba. Da koko ya ƙare kowa ya kaɗe rigarsa, babu wanda ya tsaya ya raka shi ko bakin titi.

Cin abinci a kishingiɗe ne ya fi ba shi wahala. Ya sa aka fito masa da katifa zaure, ya kwanta a kan gwiwar hannu, aka ajiye masa tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Kowa ya san kuɓewa ba ta da mutunci ko a zaune. Loma ta farko ta bi ta gemu, ta biyu ta zarce cikin kunne. Yana wannan kokawa sai ga Liman Bubayero na masallacin bakin kasuwa ya yi sallama.

"Subhanallahi! Malam Wakili, ciwon baya ne?"

"Lafiyata lau, Liman. Haka manyan Rum ke cin abinci."

"Ba ka ji cewa Manzon Allah bai ci abinci a kishingiɗe ba?"

"Ai su Rumawan sun riga zuwan hukuncin."

"Su sun riga. Kai fa?"

Wakili ya buɗe baki zai ba da amsa, tuwo ya sarƙe shi. Sai da Liman ya yi ta dukan bayansa kafin numfashi ya dawo.

Ran Alhamis ya ɗauko maganar kakanni. Kakin zuma ya gagara samuwa, sai ya sayo kyandir fakiti shida ya narka a tukunya, ya kife ƙorai bakwai ya zuba musu, ya mulmula hanci, ya zana idanu da gawayi. Ya sauke sandar mahaifinsa daga bango ya wurga bayan gida, ya jera ƙoran a wurinta. Ni da na ga haka raina bai yi daɗi ba, don na san Dunoma, ya sha haye da ni kogi kyauta ina yaro.

Ya Meram ta leƙo ta yi salati. "Malam, gumaka a gidana?"

"Kakannina ne. Wannan sarkin yaƙi ne, wannan alƙali, wannan shi ya fara haƙa rijiya a Dapchi."

"Na huɗun nan fa?"

"Wazirin Borno."

"Ƙwaryar furata ce. Ga ɗinkin da na yi mata a gefe. Wazirin Borno ya dawo mini da ludayinsa ma."

Karima ta fito idonta ya yi ja. "Baba, don Allah ka bari. Fatihu ya san ko su wane ne mu."

"Fatihu yaro ne. Tsohon nake ji."

Saura gadon ɗauka. Kafinta ya ce zai yi masa mai rumfa da labule, amma sai ya yi mako guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aka daidaita a kan tsohon ƙyauren katako, a ɗaura masa sanduna biyu. Sanda ɗaya ta samu, ɗayar ta gagara. Kafinta ya zagaya bayan gida ya ga wata doguwa a yashe, ya ɗauka ya ɗaure, bai tambayi kowa ba.

Da na ga abin an jingine shi a bango sai na ce, "Malam Wakili, ka dubi wannan da kyau. Bai yi maka kama da komai ba?"

"Ya yi mini kama da hassadarka."

Na koma shagona. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Asabar ta zo da rana irin ta bazara, wadda kan sa kare ya ƙi fita. Shirin Wakili shi ne a ɗauke shi daga gida, a ratsa tsakiyar kasuwa kowa ya gani, a je tasha a tarbi baƙin Nguru. Ya ɗauko 'yan dako huɗu daga rumfar tattasai. Ni kuma ya roƙe ni in tura kakanni a baro in shige gaba. Na yarda ne kawai don in ga ƙarshen abin.

Ya ci tuwo ya ƙoshi, muka naɗe shi, ya hau ya kishingiɗa. 'Yan dako suka ɗaga. Taku goma ya ga zai mirgino, sai ya miƙe sambal ya kwanta rigingine. Rana ta doke shi a ido, ya ja gefen alawayyo ya rufe fuska. Ga ƙoshi, ga gajiyar kwana biyar yana tarbar masu koko, ga lilo. Kafin mu kai bakin kasuwa sanata ya yi barci.

Ni ina gaba ban san abin da ake ciki ba, ina fama da nawa. Kakanni sun fara zufa. Hancin sarkin yaƙi ya gangaro kan haɓarsa, alƙali ya zubar da ido ɗaya. Na karkata da baro gindin wata bishiyar maina don su sha inuwa, na tsaya neman kwalin da zan rufe su.

Abin da ya faru a bayana, 'yan dakon ne suka ba ni labari daga baya. Suna shiga layin masu kifi wani ya miƙe ya cire hula. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Wane ne?"

Na gaba yana haki ya ce, "Malam Wakili ne mai tattasai."

"Allahu akbar! Jiya fa na sha kokonsa!"

Kun san al'adarmu. In aka wuce da makara, kowa so yake ya sa kafaɗa ko taku goma ne ya samu lada. Mai kifi ya ture ɗan dako na gaba ya karɓa. Mai albasa ya karɓi na baya. 'Yan dako da suka ji nauyi ya sauka, ga Wakili ba ƙaramin mutum ba, sai suka ɗauka cikin tsarin Rum ne. Ɗayansu dai ya yi ƙoƙari, ya ce, "Jama'a, barci fa yake yi."

"Haka ne, ɗan'uwa," in ji wani dattijo yana dafa shi, "barcin da ke jiran kowa. Yi haƙuri."

Zufa ta jiƙa zoɓon nan ya bazu a farin yadi. Nan take labari ya zama hatsarin mota ne. Kafin a fita layin masu hatsi an ce tirela ce, har an samu wanda ya ga direban ya gudu. Kasuwa ta watse ta bi bayan gawa, masu ɗauka suna ta canzawa, babu sauran wanda ya san tasha aka nufa. Suka karya kwana suka yi masallacin Liman Bubayero.

Ni da na fito daga inuwa na ga titi wayam. Na hango taron jama'a na ji ana kalmar shahada, sai na gane abin da ya faru. Na tura baro da gudu, kakanni suna karo da juna.

A daidai lokacin motar Nguru ta sauke Baba Kyari da mutanensa. Tsoho ne dogo mai farin gemu. Ya ga jana'iza za ta wuce, ya ce ba za a bar shi a baya ba, ya kutsa ya sa kafaɗa. Hannunsa ya sauka a kan zoben tagulla. Ya duba, ya sake dubawa, har aka sauke makara a ƙofar masallaci bai saki sandar ba.

Na iso ina ihu, "Ku tsaya! Da ransa!" Amma wa zai ji tela a cikin mutum ɗari biyar? Wani ma ya rungume ni ya ce maƙwabcinsa ne, ruɗewa ce.

Liman ya fito yana share hawaye. "Ranar Laraba na same shi kwance. Na ce ciwo ne? Ya ce lafiyarsa lau. Ashe bawan Allah ɓoyewa yake yi."

Baba Kyari ya ɗaga murya. "Jama'a, wannan sandar Dunoma mai fito ce. Wane ne a kwance?"

"Ɗansa ne, Wakili."

Tsohon ya zauna a ƙasa daɓas. "Wayyo, na makara! Wurinsa na zo. Shekarar babbar ambaliya, ina saurayi, jirginmu ya kife da ni da mahaifiyata a kogin nan. Wannan sandar Dunoma ya miƙo mini, wannan zoben na kama. Kwana uku yana kwasar mutane bai karɓi ko anini ba. Da Fatihu ya ce mini jikar Dunoma yake so, na ce bincike ya ƙare, ni da kaina zan je in gaida gidan."

Wakili ya rantse mini daga baya cewa tun lokacin da aka dire shi ƙasa ya farka, kuma ya ji komai. Kunya ce ta hana shi motsi. Ya ce ya yi niyyar ya ci gaba da mutuwa har jama'a su ragu. To amma ƙyauren nan shekara da shekaru ana shanya tattasai a kansa, kuma hancinsa na manne da yadi.

Atishawar da ya yi sai da ta ɗaga alawayyo sama.

Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Mai kifi ya haye katanga. Mai albasa ya bar takalmi ɗaya. Ladan ya shige cikin masallaci ya turo ƙofa, ya bar Liman a waje yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Gawa ta tashi zaune, ja-ja-ja da zoɓo, hannu ɗaya a maƙale, ta sake yin atishawa.

"Alhamdu lillahi," in ji gawa.

Baba Kyari kaɗai bai gusa ba. Ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yarhamukallahu. Kai ne Wakili?"

"Ni ne, Baba. Wushe, sannu da hanya. Tarbarku na fito."

"A haka?"

Wakili ya waiwaya neman taimako, idonsa ya faɗa kan barona. Kakanni bakwai sun narke sun haɗe wuri ɗaya, babu mai gane alƙali daga waziri.

"Waɗancan fa?" in ji tsohon.

Wakili ya buɗe baki. Na ga ƙaryar ta taso har maƙogwaro, na ga ya haɗiye ta. "Ƙorai ne, Baba. Ɗaya ma ta furar matata ce."

Sai ga Ya Meram da Karima sun keto taro babu ko takalmi, don labarin tirela ya riga ya kai gida. Karima ta faɗa jikin ubanta tana kuka. Ya Meram ta tsaya ta ƙare masa kallo, hawaye na zuba, ta ce, "Malam, in muka je gida ka cire yadin nan a hankali in ninke. An riga an gwada, ya yi maka daidai."

Karima ta hango baro ta kama baki. "Baba, har da fuskokin ka fito? Abin da na so in karanta maka ke nan ka hana. Rumawa ba sa fita da fuskokin kakanni cikin gari sai ranar jana'izar mai gida."

Nan dariya ta ɓarke, waɗanda suka gudu suna dawowa ɗaya-ɗaya suna leƙe. Baba Kyari ya yi dariya har rawaninsa ya kwance. Da ya lafa, Ya Meram ta gaya masa yadda aka wurga sandar bayan gida, sai ya sa aka kwance ta daga jikin ƙyaure, ya goge zoben da hannun rigarsa, ya miƙa wa Wakili.

"Goron Fatihu yana mota, kuma ba zai koma Nguru ba. Amma ka ji, ɗana. Ka jefar da ubanka bayan gida ka je neman na ƙwarya, ga shi yau ma shi ya ɗauko ka a kafaɗa ya kawo ka gabana."

Wakili ya karɓi sandar da hannun da ya rage masa. Shekara goma sha tara ina tare da shi, ranar na fara ganin bakinsa ya rasa abin faɗa. Ya rungume ta ya yi kuka sosai, irin na gaske, har ni ma na juya ina gyara baro.

An ɗaura auren Karima bayan ƙaramar salla. Sanda ta koma bangon zaure, kuma yanzu baƙo ba ya samun wurin zama sai ya ji labarinta. Sai dai hali zanen dutse. Mutanen da Dunoma ya ceto a ambaliya, bara ɗari biyu ne, bana sun kai dubu, har da raƙumi. Jiya ma ina ji ya ba wani baƙo labarin mutum dubun nan, ya ƙara da cewa duk Gashuwa shi kaɗai ya taɓa ganin yawan mutanen jana'izarsa, kuma ko Markus na Rum bai tara rabinsu ba.

Ya Meram ta leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, alawayyon yana nan cikin akwati."

Ya sauke murya ya ce wa baƙon, "To, a bar shi a ɗari biyun."